Inna Mai Tawada, Wadda Ta Tona Kuskurenta da Hannunta

Ƙarfe bakwai da rabi ba ya samun Inna a hanya. Kafin maigadi ya gama share gaban gidan adana kayan tarihi, ta riga ta shige ta ƙaramar ƙofar baya, ta wuce babban zauren da baƙi ke kallon kaya a cikin gilashi, ta sauka matakala huɗu zuwa ɗakin ajiya. A nan ba gilashi, ba baƙo, fankar ma ta daɗe da mutuwa. Kantoci ne na ƙarfe daga ƙasa har rufi cike da kwalaye, sai dogon tebur ɗaya, da taga ɗaya mai kallon tsakar gida. Takan ɗaura tsohon zane a kan tufafinta, ta tari ruwa a roba biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta ɗauraya, ta ɗauki tsohon burushin haƙori ta zauna. Haka ta yi shekara talatin da huɗu.

Abin da take wankewa tsingaro ne, wato gutsattsarin tukwanen mutanen da suka rayu suka mutu tun ba a fara rubuta labarin ƙasar ba. Masu bincike sukan tafi kufai su haƙa rami, kuma ba haƙar rijiya suke yi ba. A hankali suke kankare ƙasa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, domin ta sama ita ce ta kusa da zamaninmu, ta can ƙasa ita ce tsohuwa. Abin da aka samu a kowace shimfiɗa buhunsa daban, da 'yar takardarsa. Buhunan nan gun Inna suke ƙarewa. Ta wanke, ta shanya a tire, in ya bushe ta shafa ɗan jan farce mara launi a gefen kowane tsingaro, ta rubuta lambar rami da lambar shimfiɗa a kai da siririn alƙalami, farar tawada a kan baƙi, baƙa a kan ja. Daga nan aka sa mata Inna Mai Tawada. Mai shagon da take sayen jan farcen ya daɗe yana tsokanarta. "Inna, kwalba goma a wata, kuma ban taɓa ganin farcenki yana ƙyalli ba." Ita kuwa sai ta ce, "Na kakanninka ne nake shafa wa, su ba su da surutu irin naka."

Masu digiri sukan raina wannan aiki, kuma jahilci ne ke sa su. Tsingaron da ba shi da lamba fasasshiyar tukunya ce kawai, irin wadda kowa ke takawa a bola. Lambar ce ke faɗin inda aka same shi, inda aka same shi kuma shi ke faɗin shekarunsa. Duk littafin da aka wallafa a kan wancan kufai, duk laccar da aka yi aka tafa, a kan ƙananan lambobin matar nan suke tsaye, matar da karatunta bai wuce firamare ba.

Shara aka ɗauke ta yi tun farko. Farfesa, wanda a lokacin matashin malami ne mai jagorantar haƙa, ya ga rubutunta a jikin takardar jerin masu shara da ta liƙa a bango. Ya tambaya wa ya rubuta, aka nuna masa ita riƙe da tsintsiya. Washegari ya ba ta alƙalami. Tun daga ranar yake ce mata ƙanwata, ita kuma ba ta taɓa kiransa da wani abu ba sai ranka ya daɗe.

Direban gidan, wanda ya yi shekara ashirin yana sauke mata buhuna, ya shaida cewa ba ta karɓar buhun da ba takarda. Wata rana ya kawo ɗaya da takardarsa ta faɗi a hanya. Ya ce mata, "Inna, wallahi daga wuri ɗaya aka loda su, ki haɗa shi da 'yan uwansa mana." Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kai ka haƙa? To ajiye shi can." Can ɗin wata kanta ce a lungu da ta sa wa suna kantar marayu, inda duk abin da bai san asalinsa ba yake zama har a samu shaida. Wata shekara kuma wani babban baƙo da aka zagaya da shi ya ga wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a kan teburinta, ya ɗauka yana juyawa, ya ce zai yi kyau a ofishinsa. Masu rakiya suka yi ta murmushi. Inna ta miƙa tafin hannunta ta ce, "Alhaji, yana da lamba. Mai lamba ba ya fita." Ya mayar. Direba ya ce ranar har maigadi sai da ya sha jinin jikinsa, ita ko ta koma wankinta.

Wata malamar makaranta da ke kawo ɗalibanta duk shekara ta ce ba zauren gilashi yaran ke tunawa ba. Abin da suke tunawa shi ne lokacin da Inna ta ɗora wa kowannensu wani tsingaro a hannu ta ce ya sa babban yatsansa a wani ɗan lotsawa da ke bakinsa. "Kun ji? Yatsan wata mata ne. Tana gina tukunya, wataƙila ɗanta na kuka a baya, ta danna nan. Ba mu san sunanta ba, amma ga hannunta."

Inna, ke ce mai riƙon amanar waɗanda ba za su taso su yi ƙara ba. Ke ce ba ki taɓa cewa ai matattu ne, wa zai sani ba. Amma ba don waɗannan aka rubuta wannan jinjina ba. Mutane da yawa suna da tsantseni muddin laifin na wani ne. An rubuta ta ne saboda abin da ya faru a watan ƙarshe na aikinta, lokacin da laifin ya zama nata.

Abin da gidan ya fi alfahari da shi yana tsakiyar zaure: wasu gutsattsarin bututun yumɓu, irin wanda masu narka ƙarfe ke zuga wuta ta cikinsa, baki ƙirin da ƙuna. A jikinsu akwai rubutun Inna, rami na uku, shimfiɗa ta shida. An gwada gawayin shimfiɗa ta shida a ɗakin gwaji, aka samu ya kai shekara dubu biyu da ɗari biyar. Saboda haka allon da ke gaban gilashin ya ce mutanen kufan suna narka ƙarfe tun wancan zamani. A kan wannan Farfesa ya yi suna. Yaran makaranta sukan tsaya su kwafe allon kalma da kalma.

Saura kwana ashirin da uku ta ajiye aiki, Daraktan gidan ya sa ta juye kayan tsofaffin kwalaye cikin sababbin akwatunan roba. Inna tana da wata ɗabi'a: in tsingaro biyu suka yi mata kama, sai ta gwada haɗa bakinsu. Ranar wata Talata da hantsi tana kan kayan rami na uku, ta ɗauki wani jan tsingaro mai zanen igiya, ta tuna ta ga irinsa a kwalin baya. Ta ɗauko ta haɗa. Suka zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba. Ta juya su don ta rubuta a littafi. Ɗaya shimfiɗa ta shida, ɗaya shimfiɗa ta ɗaya.

Tukunya ɗaya ba ta fashewa rabinta ya jira shekara dubu da wani abu kafin ɗaya rabin ya faɗi. Amma ɓera kan yi rami ya gangaro da abu, wannan kowa a sana'ar ya sani, don haka ba ta tsorata ba tukuna. Ta baje kwalayen ramin gaba ɗaya a tebur. Kafin azahar ta haɗa huɗu. Kafin a tashi ta haɗa tara. Duk wanda ta rubuta wa shida, da na ɗaya ko na uku yake haɗuwa, maƙwabtan shimfiɗa ta biyu. Duk wanda ta rubuta wa biyu, da na biyar ko na bakwai yake haɗuwa, maƙwabtan ta shida.

Sai ta tuna ranar. Shekara ashirin da shida da suka wuce ta shanya tire biyu a tsakar gida, kowanne da takardarsa a danne da dutse. Hadari ya taso ba shiri, iska ta kwashe takardun, ta ruga ta shigo da tiren, ta koma cikin ruwa ta tsinto takardun biyu a jikin katanga. Ta dubi wannan ta dubi wancan, zuciyarta ta ce mata ai na dama ne na shida. Ta ɗora, ta rubuta. Ba ta gaya wa kowa ba, saboda a ranar ta tabbata ba ta yi kuskure ba. Ashe bututun narka ƙarfen nan daga shimfiɗa ta biyu ya fito, wadda ba ta wuce shekara ɗari tara ba.

Ba za a yi mata kwalliya a nan ba. Laifi ta yi. Matar da ta hana direba haɗa buhu da zato, ita ta haɗa tire da zato. Wurin tiren nan biyu kantar marayu ne, kuma ta fi kowa sani.

Da yamma ta sami maigidanta a shagonsa na ɗinki da ke ƙofar gida, yana fama da zare da allura. Ta zauna a benci ba ta cire mayafi ba, ta gaya masa komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Yanzu wa ya sani ban da ke?"

"Ba kowa."

"Su masu tukwanen sun aiko miki sammaci ne?"

"Malam, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, uwar yara. Kwana ashirin ya rage miki. An buga takardar yabo, 'yarki ta gani da idonta, an rubuta shekara talatin da huɗu ba kuskure ko ɗaya. Na ɗinka miki sabuwar riga. Bawan Allahn nan kuma da ya ɗauke ki daga tsintsiya, yanzu da sanda yake tafiya. Ki je ki ce masa abin da ya gina rayuwarsa a kai iska ce ta kaɗa? Ki rufe akwatin roba, ki zo gida ki huta."

Ta dubi ƙyallayen da ke ƙasa. Can ta ce, "In ka yanka yadin mutum ba daidai ba, kana ninke wurin ka ba shi?"

"Ai shi mai yadi zai sa a jikinsa ya gani."

"To nawa yara ke sawa. Jiya aji guda suka tsaya suna kwafewa."

Ya cire tabarau ya goge. "Na dai san tun kina hanya kin gama yanke shawara. Ni kawai kika zo ki ɗaga wa hankali." Ya mayar da ƙafarsa kan keken ɗinki. "Rigar dai za ki sa, ko da ke kaɗai ce a wurin taron."

Washegari ta shiga ofishin Darakta. Mutum ne mai son zaman lafiya, irin zaman lafiyar da ake samu in an rufe ido. Ya ce ta yi haƙuri, a bar maganar sai bayan taron sallama, ko ma sai an kafa kwamiti. Inna ta san kwamitin gidan, ta ga an kafa guda a kan rufin da ke yoyo tun 'yarta na goye. Ta ce, "Yallaɓai, in na fita ƙofar nan ba wanda zai iya karanta abin da ke tebur ɗin can. A aika a ɗauko Farfesa."

Direba ne ya ɗauko shi, kuma yana tsaye a bakin ƙofa aka yi komai. Farfesa ya sauko matakalar da kyar yana raha. "Ƙanwata, me ya yi zafi haka? Ko kin samo mini zinariya ne?" Ba ta yi dariya ba. Ta jawo masa kujera, ta tura masa tsingaron biyu na farko. Ya haɗa, ya juya, ya karanta.

"Ramin ɓera," in ji shi.

Ta turo na biyu, da na uku, har tara suka jeru a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ɓera ɗaya ba ya jigilar tukwane tara, ya kuma hau da wasu sama ya jera."

Sannan ta ba shi labarin hadarin, ba ta rage komai ba. Ba ta ce iska ce ta yi laifi ba. Ta ce, "Ni na ɗora takardun da zato, ni kuma na yi shiru."

Tsohon ya ɗago ya dube ta. "Shekara ashirin da shida," ya ce. "Kin san ƙasashe nawa na tsaya a gaban mutane na faɗi wannan magana? Kin san ɗalibai nawa na kayar a jarrabawa don sun rubuta sabaninta?" Ya miƙe, ya ƙi hannun da direba ya miƙa masa, ya hau matakalar shi kaɗai. Bai yi mata sallama ba.

Maganar ta bazu a gidan kafin la'asar. Wasu suka ce ta kyauta. Mafi yawa suka ce tsufa ne, ta zubar wa gida mutunci a kan fasassun tukwane, da ta yi shiru wa zai mutu. Ranar sallama aka jera kujeru arba'in, goma sha ɗaya suka cika. Kujerar Farfesa a gaba ba kowa. Takardar yabon ba a miƙa ta ba, Darakta ya ce an samu matsala wajen bugawa. Ya yi magana minti uku a kan zuwa aiki da wuri, aka raba lemo, aka watse. Inna tana zaune cikin sabuwar rigarta, maigidanta a gefe yana tafi da ƙarfi fiye da kowa, har 'yarsu ta taɓa shi ta ce, "Baba, ya isa."

Ga abin da mutane ba su sani ba. A wannan sana'a ba a goge lambar da aka yi kuskure. Layi ɗaya ake ja a kanta yadda za a iya karanta ta, a rubuta ta daidai a gefe, don na baya ya san an yi kuskure kuma an gyara. Tiren nan biyu tsingaro ɗari shida da arba'in ne. Ranar da aikinta ya ƙare, ɗari biyu da 'yan kai ta gyara. Ta miƙa mabuɗi kamar yadda doka ta ce. Ranar Litinin sai ga ta a ƙofar gaba, a layin baƙi. Maigadi ya rasa yadda zai yi, ya tura mata littafin masu ziyara yana sunkuyar da kai. A gurbin dalilin ziyara, inda mutane ke rubuta kallo ko bincike, ta rubuta: gyaran kuskurena.

Kwana uku tana zuwa ita kaɗai. A rana ta huɗu ta ji ƙarar sanda a matakala. Farfesa ne, da wani tsohon littafi a hammata, littafin da ya riƙa rubutu a ciki a bakin ramin. Ya tsaya yana haki, ya ce, "Matsa mini kujera, ƙanwata. Ba gaisuwa na zo ba."

Ya buɗe wani shafi ya nuna mata. Da hannunsa ya rubuta a wancan lokacin cewa bai tuna ganin bututu a ƙasan ramin ba, a sake dubawa. Bai sake dubawa ba. "Da lambarki ta zo da abin da nake so, sai na rufe littafin," in ji shi. "Ke iska ta ruɗe ki. Ni ba iskar da ta kaɗa." Ya jawo akwati. "Ni zan karanto, ke ki rubuta. Idona ya fi naki lalacewa, amma bakina na aiki."

Kwana takwas suka yi a haka, yana karantowa tana ja tana rubutawa, suna faɗa a kan wanda ya fi wani jinkiri. An sauke allon tsakiyar zaure an sa sabo. Sabon allon ya ce mutane sun zauna a kufan tun shekara dubu biyu da ɗari biyar, narka ƙarfe kuwa shaidar da ke hannu ba ta wuce shekara ɗari tara ba. Allon ya rage armashi, kuma akwai masu jin haushinsa har yau. Su ji. Ƙasa ba ta ƙaruwa da shekarun ƙarya, kuma yaron da aka koya wa alfahari da abin da bai faru ba an cuce shi.

Farfesa ya rubuta takardar gyara ya aika wa mujallar da ta buga bincikensa na farko. Da ta fito ya kai mata har gida. A shekara talatin da huɗu ba a taɓa buga sunanta a ko'ina ba, sai ga shi a saman shafi, nasa a ƙarƙashi. Ta karanta a hankali, ta ajiye a cinya ta ce, "To, yanzu duniya ta san ni na yi kuskuren."

"Ta kuma san wa ya gyara," in ji shi. "Ni da ke duk mun yi laifi. Ke kaɗai kika kai kanki ƙara."

Inna, mun gode. Ke ce kika tarar da laifinki a rufe, ba shaida, ba mai tuhuma, saura kwana ashirin a tafa miki, kika buɗe shi da hannunki. Kin san zai ci miki takardar yabo, kin san zai iya raba ki da mutumin da ya ba ki alƙalami, kika aika a ɗauko shi. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ido da tsawon kwana, ki ji daɗin hutun da kika ƙi farawa sai da kika gama.

Ku kuma masu karatu, kada ku tsaya a cewa Allah sarki. Ma'aikacin asibitin da ya san ya rubuta sakamako a fayil ɗin da ba nasa ba, da maginin da ya san abin da ya rufe da siminti, da malamin da ya san darasin da ya koyar ba daidai ba ne shekara da shekaru, kowa ya san nasa. Ba a nemi ku zama marasa kuskure ba, Inna ma ba ta zama ba. An nemi gobe da safe ku je wurin wanda abin ya shafa, ku zauna a gabansa, ku ce ni ne na yi. Za ku iya rasa tafi. Ita ma ta rasa, kuma a cikin duk waɗanda suka zauna a taron nan da waɗanda suka ƙi zuwa, ba wanda ya kai ta nauyi.